Ɗan To Ba Ya Jin Gatse

Ga ta nan ta taho a fusace, ga ta nanku.

Ta zo, mu ba ta wuri ta huce.

To. Tulun nan dai ya riga ya hau kan Gwaggo Tabawa. Cike yake taf. Ruwa yana bin goshinta, yana bin wuyanta, yana shiga rigarta, ita kuma ta sandare a tsakar gida, ba damar juyawa, don tana motsawa tulu ya tafi. Baki ne kawai yake aiki. Bakin Gwaggo kuwa ba ya hutu.

Ku tsaya in koma baya kaɗan, na ga Ummita ta fara zare ido.

A wani gari ne, can bayan dutse. Sarkin Maƙeran garin, sunansa Barmo, ya zauna ya ƙera mutum-mutumi. Ba irin na gona ba, da ake rataya wa tsohuwar riga ya kori tsuntsu. Na ƙarfe, mai tafiya, mai magana, irin wanda ake ce wa robot ɗin nan. Tsayinsa ya kusa taɓo rufin zaure. Ido biyu na gilashi, kunne biyu kamar murfin kwano, a tsakar kansa kuma wani baƙin farantin sola. Ba ya cin tuwo, ba ya shan koko. Komai aka ce masa amsarsa ɗaya ce: To. Shi ya sa yara suka raɗa masa suna Ɗan To.

Sarkin Maƙera ya sa aka yi shela, wai kowa ya zo gindin durumi da hantsi a koya masa yadda ake sa Ɗan To aiki, don gida-gida zai riƙa zagayawa, yau nan, gobe can. Manya suka ce Allah ya sawwaƙe. Su da girmansu za a zaunar a koya musu aike? Sun aiki yara tun ƙarfen nan yana ƙasa ba a haƙo shi ba. Wannan abu yana ba ni haushi har yanzu, wallahi. Ba wanda ya je sai yara.

A cikin yaran akwai Ladingo. 'Yar ƙanin Gwaggo Tabawa ce, tun yaye take hannunta. Kullum ita ce a gaba, tiren tallan fura a gefe, ido a kan Sarkin Maƙera. Shi kuwa abu uku yake nanata musu, ya yi tambaya su amsa.

Me Ɗan To yake ci? Rana. In an rufe masa faranti, ƙarfinsa ya dinga raguwa.

Wa yake wa aiki? Wanda ya fara gaishe shi a kunne da safe. Yana jin kowa, amma muryar mutum ɗaya yake bi har rana ta faɗi.

Me yake yi? Abin da aka faɗa. Ba abin da ake nufi ba, abin da aka faɗa, ɗaya bayan ɗaya. In kuma ya gane magana ta yi kai biyu, ba ya zaɓa da kansa, sai ya koma ya tambayo.

Ladingo ta haddace tas. Ta zo gida za ta gaya wa Gwaggo, Gwaggo ta ce madalla, wai Ladingo ta ci gaba da zama gindin durumi, furar ma ta sayar da kanta.

Kun dai san gatse. A ce maka zauna, ana nufin tashi. To Gwaggo Tabawa ba ta da wani yare sai shi. Ladingo ta ce a sa gishiri a miya? A'a, zuba ƙasa. A rufe ƙofa? Bar ta, ɓarayi ma 'yan'uwa ne. Ta ci tuwon da aka ajiye? Kada ki ci, na aljanu ne. Yarinya ta saba. Duk maganar da ta fito bakin Gwaggo sai ta juya ta kamar waina, sannan ta yi aiki da bayanta. Haka suke zaune. Faɗa safe, faɗa rana, faɗa yamma, amma kwanon Ladingo ne yake samun tsokar nama, kuma in zazzaɓi ya kama ta Gwaggo ba ta runtsawa, tana jiƙa tsumma tana zaginta don me ta yi wasa da ruwa.

Shi ke nan, zagaye ya zo kan gidan Gwaggo. Da sassafe sai ga Ɗan To a ƙofa, ƙwaram, ƙwaram, ƙwaram. Ladingo ta ce ko ita za ta gaishe shi, tunda ta san kansa. Gwaggo ta ce ai kuwa, gidan ubanta ne, ita ce mai gidan. Ta ture ta gefe, ta yi ɗage, ta daka wa kunnen ƙarfen tsawa, wai ina kwana. Idonsa ya yi kore. Ya ce To. Murya ta kamu.

Aikin farko, ruwa. Ya ari kura a wurin 'yan ga-ruwa, irin mai taya biyu da ake jera jarkoki ana turawa, ya je rijiya, ya dawo. Ya cika randa, ya cika baho, ya cika bokiti. Saura tulu ɗaya a hannunsa, ba wurin juyewa. Ya tsaya gaban Gwaggo.

"Ina zan ajiye?"

Gwaggo tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ɗora a kaina."

"To."

Kun ga inda muka faro ke nan.

Da ƙyar Ladingo ta hau turmi ta taya ta saukewa. Gwaggo ta zagi ƙarfen, ta zagi wanda ya ƙera shi, ta zagi wutar da aka narka shi. Ta ce da gangan ya yi, raini ne, tsabar rashin tarbiyya ce. Ladingo ta buɗe baki za ta yi bayani, aka ce ta yi magana mana, dama ita ake jira, limamiyar gindin durumi. Yarinya ta juya wainar, ta yi shiru.

Aiki na biyu, gero. Gwaggo ta wanke geron furarta, ta shanya a tsakar gida, ta shiga ɗaki sauya rigar da ta jiƙe. Ladingo kuma an aike ta sayo citta. Sai ga awakin maƙwabta, Bunsuru a gaba, gemu yana kaɗawa. Suka tsaya bakin shanya suna kallon Ɗan To, suna jiran duka. Shi kuwa ba a ce ya yi duka ba. Ya je ƙofar ɗaki.

"Awaki sun shigo. In kore su?"

Daga ciki Gwaggo ta ce a'a, ina shi ina korar baƙi. Wai ya shimfiɗa musu tabarma, ya ƙaro musu daga buhu, in sun gama ya ba su ruwan wanke hannu.

"To."

Ladingo tana dawowa ta tarar da awaki a kan sabuwar tabarmar Gwaggo, ta zuwa biki, sun harɗe ƙafa. Buhu ya koma rabi. Ɗan To yana tsaye da buta yana jira su gama. Bunsuru ya yi gyatsa, ya ce shi dai tunda yake yawon gidaje ba a taɓa karrama shi irin yau ba, Allah ya ƙara wa Gwaggo arziki.

Gwaggo ta fito.

Ku bar ni kawai. Taɓarya ta yi sama, awaki suka yi katanga, tabarma ta yage, buta ta fashe. Maƙwabta suka leƙo ta kan danga suka koma da sauri. Ta juya kan Ɗan To ta narka masa taɓarya a ƙirji, taɓarya ta dawo ta buge ta a gwiwa. Haushi ya ƙaru. Geron fura ya tafi, cinikin yau ya tafi, ga gwiwa tana zugi.

Ita ma Ladingo abin ya ishe ta. Tun safe take haɗiye magana, maganar ta ƙi wucewa. Ta ce, "Gwaggo, ke fa kika ce masa. Ba shi da laifi. Da kin zo gindin durumi da kin sani."

Idon Gwaggo ya kaɗa ya yi jawur. A ce 'yar da ta goya, 'yar da ta tauna wa abinci, yau ita ce take shigar wa ƙarfe? Daidai lokacin kuwa Ɗan To ya ajiye fasasshiyar buta, ya matso.

"Akwai sauran aiki?"

"Akwai. Ɗauki wannan mai bakin ka kai ta wurin kura, in huta."

Ta faɗa ɗaki, ta saki labule.

"To."

Kafin Ladingo ta ce wani abu, hannun ƙarfe ya sure ta, ya saɓa a kafaɗa. Ta kira Gwaggo, Gwaggo ta ɗauka kukan rigima ne, ta ce ta ƙara murya, mutanen Gabas ba su ji ba. Ƙwaram, ƙwaram, ƙwaram, suka fita zaure. Ƙwaram, ƙwaram, suka wuce kurar ruwa a ƙofar gida. Suka wuce masussuka, suka wuce gonaki, suka kama hanyar daji.

Ladingo ta yi kuka, ta yi duka, ta yi cizo. Ƙarfe ne. Sai ta koma roƙo, ta sa masa waƙa:

Ɗan To, Ɗan To, sauke ni,
Gwaggo ba haka take nufi ba.
Bakinta wuta, hannunta tuwo,
Ɗan To, Ɗan To, sauke ni.

Ya ce ya ji ta, waƙar ma ta yi daɗi, amma ba muryarta yake bi ba yau. Ƙwaram, ƙwaram.

A gindin wata kanya suka tarar da Bunsuru kwance, ciki ya yi masa nauyi, yana tuƙa. Ladingo ta ce ya dubi Allah, ya dubi geron da ya ci, ya ruga ya gaya wa Gwaggo inda aka nufa da ita. Bunsuru ya ce shi da ya sha taɓarya ɗazu? Ta ce to ya amayo geron. Ya yi tsaki, ya miƙe, ya kama hanyar gari yana jan ciki yana mita.

Ladingo ta share hawaye. Haushi take ji yanzu, ba tsoro kaɗai ba. Haushin Gwaggo, haushin ƙarfe, haushin duk manyan garin da suka fi ƙarfin zama gindin durumi. Ta ce a ranta, to, me yake ci? Rana. Ta zare ɗankwalinta, ta miƙa hannu, ta lulluɓe farantin kansa, ta ƙulle tam a ƙarƙashin haɓarsa. Ta sake waƙar:

Ɗan To, Ɗan To, sauke ni,
Gwaggo ba haka take nufi ba.
Bakinta wuta, hannunta tuwo,
Ɗan To, Ɗan To, sauke ni.

Tafiya ta ɗan ragu. Ƙwaram. Ƙwaram. Amma bai tsaya ba, don tun safe yake cin rana, batirinsa da saura. Ya ce mata ya fara jin yunwa, amma aiki bai ƙare ba.

Suna shan kwanar wani dutse sai wari ya tare su. Ga ƙasusuwa, ga rami, ga Kura zaune a bakin ramin tana sakace. Ta dubi ƙarfe, ta dubi abin da ke kafaɗarsa, miyau ya zubo.

Ɗan To ya ce an aiko shi ya kawo yarinyar nan wurin kura.

Kura ta ce ikon Allah. Shekara da shekaru tana jin iyaye ta bayan katanga suna cewa za su ba ta 'ya'yansu, kullum alkawari, kullum ƙarya, har ta daina sa rai. Yau ga mai gaskiya guda. Ta ce ya miƙo, ya gaishe da mai aiken.

Ya sauko da Ladingo daga kafaɗa. Ya miƙa hannu. Numfashin Kura har ya taɓa ƙafar yarinya. A nan ne abu na uku na karatun gindin durumi ya faɗo wa Ladingo.

"Ɗan To, wace kura aka ce?"

Hannu ya tsaya.

"Abin da ka turo ruwa da shi da safe, ya sunansa?"

Idonsa ya yi ja, ya yi kore, ya yi ja. Wani abu ya yi ƙirrr a cikin kansa.

"Kura," in ji shi. "Wannan ma kura. Magana ta yi kai biyu. Sai na tambayo."

Ya ɗaga Ladingo can sama da hannu biyu, ya juya.

Zo ku ga masifa. Kura ta ce wane irin iskanci ne wannan, kura nawa ce a duniya? Ita za a haɗa da amalanke? Amalanke haƙori gare shi? Ya dube ta da kyau, ta yi masa kama da mai taya? Ɗan To ya ce ya ji ta, amma ba muryarta yake bi ba yau. Ta daka tsalle, ba ta kai ba. Ta sake, ba ta kai ba. Ta kai wa ƙwaurinsa cizo, ƙas, haƙori ɗaya ya yi gefe. Ta ce wallahi ƙafarsa ƙafarta, an ba ta an ba ta, har gaban mai aiken za ta je a yi ta ta ƙare.

Haka suka kamo hanya. Ƙarfe a gaba, yarinya a sama, Kura a ƙarƙashi, baki buɗe. Sai dai fa ga matsala. Ɗankwalin nan yana nan ɗaure a kan faranti, kuma yanzu an ɗaga Ladingo sama da shi, hannunta ba ya kaiwa. Dabararta ta juyo kanta. Tafiya tana raguwa, hannun Ɗan To yana saukowa kaɗan-kaɗan. Kura ta lura. Ta daina tsalle, ta koma lasar baki.

La'asar ta yi sanyi suka iso ƙofar gari. Wani yaro ya hango su ya ce kura, shi ke nan gari ya watse. Masu gemu suka haye rumbu. Mai unguwa ya shige akurkin kaji. Sarkin Maƙera da kansa, ban san yadda aka yi ba, sai ga shi a reshen durumi. Daga can yake cewa akwai maɓalli a ƙeyar Ɗan To, a danna ya mutu. Wata tsohuwa daga kan soro ta ce in ya mutu ya saki yarinyar a bakin wa? Sarkin Maƙera ya ƙara ƙanƙame reshe.

Mutum ɗaya ce a ƙasa. Gwaggo Tabawa. Ba gyale, takalmi wari ɗaya, taɓarya a hannu, tana ɗingishi, ƙura har gira. Bunsuru ya isar da saƙo, ta bi gonaki tana kiran sunan Ladingo har muryarta ta dushe, ta ɓata hanya ta dawo. Ladingo ba ta taɓa ganin fuskar Gwaggo haka ba.

Ɗan To ya tsaya a gabanta. Muryarsa ta yi ƙasa, tana ja.

"Wace kura? Ta daji, ko ta ruwa?"

Kun san baki da abin da ya saba. Gwaggo ta ji tambayar banza, harshe ya zabura da kansa.

"Wace kura kuwa, makaho, in ba wadda take..."

"Gwaggo." Ladingo ce daga sama. Ba ta ɗaga murya ba. "Abin da kika faɗa shi zai yi."

Gwaggo ta datse haƙora a kan sauran maganar. Ta haɗiye ta kamar ƙaya. Kura ta ce a bar baiwar Allah ta ƙarasa mana, ai ta ɗauko daidai.

Gwaggo ta sake buɗe baki, sai zagi ya fito. Tsinannen gwangwani, ragowar bola, mai kan murfin tukunya. Ɗan To ya saurara har ta gama, ya ce bai ji aiki a ciki ba. Hannunsa ya ƙara saukowa. Kura ta miƙe a kan ƙafar baya, hancinta ya shafi diddigen Ladingo.

Gwaggo ta tsaya. Ta nemi magana miƙaƙƙiya a bakinta, ta rasa inda ta ajiye ta. Rabonta da ita tun tana budurwa. Ga gari duk a sama ana kallonta. Ta dubi ƙafar nan ta Ladingo, ƙafar da ta sha cire wa ƙaya tana faɗa. Taɓarya ta suɓuce daga hannunta.

"Ba ko ɗaya," in ji ta. "Kada ka ba kowa ita. 'Yata ce. Ina son abata."

"To. Ina zan ajiye ta?"

Jama'a, kan rumbu da kan soro ba mai numfashi. Leɓen Gwaggo ya motsa. Kowa ya ga ɗora a kaina ta taho, har ta leƙo. Gwaggo ta rufe ido, ta juya, ta duƙa, ta kwance bakin zaninta.

"A bayana."

"To."

Ana sauko da Ladingo ta wuce ta gaban kansa, ta fizge ɗankwalinta. Ranar yamma ta faɗa kan faranti. Idon Ɗan To ya yi kore shar. Ya ɗora ta a bayan Gwaggo, Gwaggo ta ja zani ta ɗaure, ƙatuwar yarinya, ƙafafu har suna jan ƙasa.

Kura fa ta haukace. Ta ce ba ta yarda ba. An yi kyauta a gaban shaida, ta yi asarar haƙori, ta yi tafiya a rana, yau ko yarinya ko tsohuwa, ko duka biyun. Ta fara zagaye su. Gwaggo tana juyawa, tana kare bayanta, taɓarya kuma ta yi nisa. Sai ta karkato kai, ta yi ƙasa da murya yadda na kan rumbu ba za su ji ba.

"Ke. Ya ake gaya masa?"

Ladingo ta sa baki a kunnenta. Ɗaya bayan ɗaya, Gwaggo, kuma ki faɗi sunan kowace. Gwaggo ta dinga karɓa tana miƙawa, kamar mai koyon karatu. Kama kurar daji. To. Kai ta ƙofar gida, ka saka ta a cikin kurar ruwa. To. Ɗaure ta da igiyar jarkoki. To. Tura ta bayan gari, ka tambaye ta inda take so a sauke ta, ka sauke ta a can. To.

Ga kura a cikin kura. Ƙiii, ƙiii, taya yana kuka, ita tana zage-zage. Yara suka diro daga bishiyoyi suka bi su a baya. An kai bayan gari, daidai babban kududdufin da ake jiƙa rama, mai warin nan, Ɗan To ya tsaya.

"Ina za a sauke ki?"

Kura kuwa ta sha laɓe a bayan katangar Gwaggo, ashe ba nama kaɗai take shinshina ba, har yaren ta kwasa. Ga haushi, ga ciwon haƙori.

"Ina kuwa? Jefa ni cikin kududdufin mana, tunda kai ba ka da hankali."

"To."

Tsundum. Kwaɗi sun ce sai da ta sha ruwan rama ta ƙoshi kafin ta fita ta ɗaya gefen. Har yau in kun ji kura tana wannan dariyar a daji, ba dariya ba ce, tari ne.

Kuna tsammani Gwaggo ta huce? Ina. Ta tsaya gindin durumi da goyonta, ta ce Sarkin Maƙera ya sauko. Ya ce nan ma yana ji. Ta wanke shi tas. Ta ce wane irin maƙeri ne zai ƙera abu mai hannu da ƙafa, a ce masa kai yarinya wurin kura ya ce to? Ko jaki aka nuna wa rami ai yana tirjewa. Ya ce da ta zo karatu da ba a yi haka ba. Ta ce da ya yi aikinsa da kyau da ba a yi haka ba. Ni dai a nan ban ga wanda zan bai wa gaskiya shi kaɗai ba, kowa ya ci nasa.

Washegari Sarkin Maƙera ya buɗe kan Ɗan To ya ƙara masa kalma ɗaya. Duk aikin da zai cuci mutum, ko wa ya faɗa, amsa ita ce A'a. Da hantsi kuma yara suna taruwa sai ga Gwaggo da 'yar kujerarta, ta dasa a sahun gaba kusa da Ladingo, tana harare-harare, wai ta ga wanda zai yi dariya. Me yake ci? Rana. Muryarta ta fi ta kowa. Kwana kaɗan sai ga mai unguwa ya raɓo, da gashin kaza a hularsa, wai wucewa yake yi.

Ta daina gatse? Haba dai. Sai dai yanzu kafin ta yi, sai ta waiga hagu, ta waiga dama, ta leƙa zaure. Ladingo kuwa in aka ce mata kada ta ci tuwo na aljanu ne, sai ta ce To, ta zauna ta naɗe hannu, har sai Gwaggo ta yi tsaki ta ce, ci abinki, don ke na dafa.

Abin da ke ciki dai a fili yake. Inji ba ya shiga zuciyarka, bakinka yake bi, don haka ka koyi yadda ake masa magana kafin ka sa shi aiki, ko kai yaro ne ko mai furfura. Wanda kake so kuma, ka gaya masa a miƙe tun ba a kai bakin rami ba.

Ƙurunƙus, kan ƙusa, ba kan kusu ba, don wannan ta ƙarfe ce. Da zan ƙara muku da ƙarya, amma ina tsoron Ɗan To yana bayan ƙofa ya ce To.

Yanzu ku gaya min tsakani da Allah, in da gobe gidanku zagayen ya faɗo, a cikin maganganun da aka yi muku yau tun safe, wacce ce za ta fara kai wani daji?